Impala ta 1964 da Baba ya bari: a yi mata fenti ko a sayar da ita yadda take?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema daga waɗanda suka san mota. Mahaifinmu ya rasu bara, cikin abin da ya bari akwai Chevrolet Impala ƙirar 1964 mai ƙofa huɗu, shuɗiya mai haske. Hannun wani Bature ya saye ta a Yamai lokacin da yake harkar gyaɗa. Muna yara "jirgi" muke ce mata, don tsawonta ya haura mita biyar, sai da aka rushe bangon gareji aka ƙara kafin ta shiga.

Tun 1998 ba a tada ta ba. Bisa bulo take, an lulluɓe ta da tampol. Kujerun na asali ne, har ledar da Baba ya sa aka rufe su da ita tana nan, ta yi jawur ta bushe. Rediyonta na asali, fitilun baya uku-uku duk suna nan, ɗaya kawai ta tsage. Agogon tafiya yana nuna 61,000 da ƴan kai. Fentin rufi ya kwanta ya dusashe, ɓeraye kuma sun ci wasu wayoyi.

Mai sayen ƙarfe ya taya jika 400, na kusa zaginsa. Wani dillali kuma ya ce in yi mata sabon fenti, in cire injin in sa na Toyota, zai samo mai saye don hayar ɗaukar amare. Mu goma sha ɗaya ne magada, kowa ya ƙosa a raba. Me kuka gani?

Tsohon Makanike, Zariya:
Allah ya jiƙan Alhaji. Na san irin motar nan, na yi mata aiki ina yaron gareji. Ɗana, abu na farko: kada ka bari kowa ya ɗaura batir ya murza makulli. Injin da ya shekara ashirin da wani abu a kwance, cikinsa ya bushe, esansin da ke tanki kuma ya zama kamar ƙaro. A kwance buji duka, a zuba man inji kaɗan a kowane rami, a bar shi kwana uku ko huɗu, sannan a juya injin da hannu. In ya juya, ka yi sa'a babba. A zubar da tsohon mai, a wanke tanki da karburata kafin a yi maganar tada ta.

Birki kuma kada ka yarda da shi ko cikin gida. Birkin tayoyi huɗun duk na ganga ne, kuma layin man birkin ɗaya ne, in ya tsiyaye a wuri guda ka rasa birki gaba ɗaya.

Sannan ka lura da wanda zai taɓa ta. Notinanta awon inci ne, yaranmu na yanzu sifanan milimita gare su na Peugeot da Toyota. In suka matsa da su, kan notin zai sule, shi ke nan sai guduma. Maganar injin Toyota kuwa, dillalin nan so yake ya mai da saniyar tatsa kilishi.

Baƙo a Turai:
Baba makanike ya gama magana, bari in ƙara ta fannin kasuwa. Masu tara tsoffin motoci abin da suke biya shi ne asali. Fentin da ya dusashe na kamfani ya fi musu sabon fentin bakin titi, don ana iya yin fenti kullum, na 1964 kuwa in ya tafi ya tafi. Kuma motar da ta zauna a busasshiyar ƙasa irin tamu ba ta cika tsatsa ba, saɓanin waɗanda suka sha gishirin da ake watsawa a titunan Amurka lokacin ƙanƙara. Wannan shi ne jarinka.

Amma kada in ruɗe ka. Mai ƙofa huɗu ita ce ta baya a daraja. Kuɗi mai nauyi yana wurin SS (wato Impala samfurin Super Sport), da mai ƙofa biyu, da mai rufin da ake naɗewa. Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take maƙale, akwai ƙaramin ƙarfe mai lamba. In ƙirar Amurka ce kuma ta fara da 418, Impala ce mai injin V8, wato silinda takwas. 417 mai silinda shida ce. Agogon nan ma ka duba ko mil yake ƙirgawa, kuma lamba biyar gare shi, in ya cika 99,999 sifili yake komawa, don haka rasit da tsoffin takardu ne shaidarka. Kada a yar da ko guda.

Ka ɗauki hoto da yawa: ƙarƙashin mota, ƙasan but, inji, har inda ɓeraye suka ci. Ka shiga Bring a Trailer, shafin gwanjon motoci na intanet, ka ga nawa aka sayar da masu ƙofa huɗu, ba nawa ake nema ba. Amurka tana barin motar da ta haura shekara 25 ta shiga ba wuya, Faransa kuma tana ba mai shekara 30 takardar motar tarihi. Matsalar ita ce kai ta teku. Tun 2023 hanyar Kwatano ta dagule, kuma duk mai saye daga waje zai cire kuɗin tirela da kwantena daga farashinka. Ni da zan fara da masu kuɗin Kano da Abuja, ga iyakar Najeriya ta Dan Isa nan kusa da Maradi.

Uwar Gida:
Duk ba ku taɓo babban abu ba. Motar ta magada ce, ba taka kai kaɗai ba. Kafin ka kashe ko dala, ku zauna gaban malamin da ya raba gadon, kowa ya yarda a rubuce, har mata. Takardun motar kuma da sunan marigayi suke, sai an daidaita wannan kafin a sayar.

Ɗan Bagalam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya na nemo wani dattijo mai sifanan inci, muka yi yadda Baba makanike ya ce. Da farko injin ya ƙi motsi, yau da safe ya juya. Lambar ta fara da 418. A aljihun gaba na tarar da takardar duwan, da rasit na taya, da casbahar Baba da muka nema ranar rasuwa ba mu gani ba.

Sai dai magana ta canza. Babbar yayarmu ta zo ta shiga bayan motar ta zauna kusan awa guda, wai a nan aka ɗauke ta zuwa gidan miji. Ta fito ta ce a ƙiyasta kuɗin a cire daga rabonta, ba za a sayar ba. Ƙannenmu biyu ba su yarda ba, ranar Juma'a za mu zauna. Kafin nan, wa ya san inda zan samu taya mai inci 14 da ta dace da ita, nan Maradi ko Katsina?