Shin komawa kan keke mafita ce ga ma'aikacin da ke zaune a bayan gari a Kano?

Ma'aikaci daga Mariri:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin garin nan. Ina zaune da iyalina a Mariri, wurin aikina kuma yana kusa da Ƙofar Nasarawa, saboda haka kullum sai na hau adaidaita sahu biyu kafin in isa, biyu kuma kafin in dawo. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota yake cin kusan kashi ɗaya cikin uku na albashina, kuma ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 da aka yi a 2024 bai toshe wannan ɓaraka ba. A makon jiya na fito da tsohon keken mahaifinmu, baƙin Raleigh mai birkin ƙarfe, na kai wa mai gyara ya sa sabuwar kaca da tayoyi, ranar Talata kuma na hau shi zuwa ofis. Na isa cikin minti 50, wanda bai fi lokacin da nake ɓatawa a jiran abin hawa da cunkoso ba, amma a wajen Hotoro wata tirela ta matse ni har sai da na sauka daga kwalta, ƙafata ɗaya tana bakin kwata. Shin in ci gaba, ko kuwa kasada nake yi da raina? Kuma me ya sa garin da ya cika da masu ƙaramin ƙarfi bai ware wa mai keke ko taku biyu a gefen titi ba?

Tsohon ma'aikacin safiyo:

Wa alaikumus salam. Ɗana, keken da ka fito da shi ya tuna mini zamanin da malamin makaranta da akawu da malamin asibiti duk a kansa suke zuwa aiki, har kamfanin Raleigh yana da masana'anta a nan Kano, mutum kuma yana goge kekensa ranar Juma'a kamar yadda yake wanke babbar rigarsa. Sai dai a wancan lokaci gidan ma'aikaci da wurin aikinsa ba su da nisa, wanda ke Fagge ko Gwammaja ko cikin birni minti kaɗan ke kai shi. Abin da ya canza shi ne nisan, kuma shi nisan nan harkar filaye da gidaje ce ta haife shi.

An taɓa yi wa Kano tsarin bunƙasa na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da sunan mai tsara biranen da ya shirya shi, Trevallion, amma yawan jama'a ya riga tsarin gudu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birni a hannun gwamna, sai dai fulotin gwamnati bai taɓa isar masu nema ba, saboda haka talaka ya koma wurin mai gona da dillali, aka riƙa yanka masa fili da awon igiya. Na auna irin waɗannan unguwanni da hannuna: lungun da bai fi taku shida ba, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta, balle wurin da babbar bas za ta juya. Da gwamnati ta tashi gina gidaje da yawa a tsakanin 2011 da 2015, wato Kwankwasiyya da Amana a hanyar Zariya da Bandirawo a hanyar Katsina, an yi gini mai kyau, amma a bayan gari, a kan farashin da ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, shi ya sa da yawansu suka daɗe babu kowa a ciki. A ganina, da an bar mutane su tayar da benaye na haya masu hawa uku ko huɗu a bakin manyan tituna, tare da tilasta barin hanya mai faɗi a duk sabon yanka, da rabin wahalarka ba ta taso ba. Ka ci gaba da hawan kekenka, amma ka fita da wuri, kafin manyan motoci su cika titi.

Malamar makaranta daga Ɗorayi:

Baba ya yi magana mai ma'ana, amma ina so in tunatar da ku cewa shawarar keke ba ta kai ga rabin mutanen gari ba. A al'adarmu matar aure ba ta hawa keke ta ratsa kasuwa, kuma ko da za ta hau, ina za ta sa yara uku da za ta sauke a makaranta? Shi kansa adaidaita sahu saboda mata aka fara kawo shi a 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, don a raba mu da hawa bayan 'yan acaɓa. Da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, sai duk gari ya dawo kansa, ƙananan bas na Hayis kuma suka yi ta raguwa. Abin hawa mai ɗaukar mutum uku ko huɗu shi ne yanzu yake ɗauke da birnin miliyoyin mutane, dole kuɗinsa ya yi tsada, dole kuma titi ya cushe.

Malam, abin da ni da kai muke bukata shi ne babbar bas mai lokaci sananne da kuɗi sananne. Legas ta fara irin wannan a watan Maris na 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, kuma sirrin abin shi ne an ware wa bas layinta, ba ta tsayawa cikin cunkoson ƙananan motoci. Titin Zariya da na Katsina da na Maiduguri da na Gwarzo duk suna da faɗin da za a yi haka. Mun ga an gina gadar sama a Ƙofar Nasarawa da Ɗangi da Hotoro, an yi gadar ƙasa a Kabuga, amma duk wanda ya taɓa riƙe hannun yaro yana neman tsallaka titi a gindin ɗayansu ya san cewa mai mota aka yi wa aikin.

Direban adaidaita sahu daga Kurna:

Hajiya, ban musa miki ba, sai dai ina roƙon kada a ɗauke mu a matsayin tushen matsalar. Kafin in kai ko sisi gida sai na cire kuɗin mai, na cire balas ɗin mai mashin, na biya harajin rana, kuma sau da yawa nakan dawo daga cikin gari da fasinja ɗaya tak. Idan aka kawo manyan bas a kan manyan tituna, aka bar mana ɗauko mutane daga lunguna zuwa tasha, tafiyarmu za ta gajarta, man da muke ƙonawa ya ragu, amma a zauna da mu tukuna, kada mu wayi gari mu ji an hana mu titi alhali dubban gidaje da wannan sana'a suke cin abinci. Yayana mai keke, ga abin da nake gani kullum: haɗarinka yana gefen dama, daidai inda muke tsayawa ɗaukar fasinja, domin da zarar an ɗaga mana hannu muke karyowa. Ka bar tazara tsakaninka da mu, ka sa ƙararrawa mai ƙara da fitila ta baya, kuma kada ka taɓa shiga gefen tirela a shataletale, direbanta ba ya ganinka.

Mazaunin Mararaba:

Ni ɗan Kano ne, aiki ya kawo ni Abuja, kuma ina ganin ƙarshen hanyar da Baba yake gargaɗi a kanta. Hayar cikin birni ta kori ƙananan ma'aikata zuwa Nyanya da Mararaba da Masaka, biyun ƙarshe ma a jihar Nasarawa suke, saboda haka tun kafin sallar asuba ake tsayuwa a bakin titi. Jirgin ƙasa na cikin birni da aka buɗe a watan Yulin 2018 ya tsaya a 2020, ya dawo aiki a watan Mayun 2024, amma layinsa ya nufi Idu da filin jirgin sama da Kubwa, bai zo ɓangarenmu ba. Maganar keke kuwa, tun a 2001 ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su hau, har wata bas ta ture shi a kan hanyarsa ta zuwa aiki, wanda ya nuna cewa kira ba ya wadatarwa idan ba a gyara titi ba. Na je Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, na ga wasu manyan tituna da aka ware wa masu keke da babur hanyarsu a gefe, mata da ɗalibai suna tafiya hankali kwance, ƙasar kuma ba ta fi mu arziki ba. Kano shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara, dakalin siminti da inuwar darbejiya a gefen titi za su yi aiki mai yawa.

Ma'aikaci daga Mariri:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Baba, na bi shawararka, yau na fita ƙarfe shida da kwata, na sami titin da sauƙi sosai, na kuma ɗaura rigar aiki a bayan keken na canza bayan na isa. Na sayi ƙararrawa da fitilar da ɗan'uwanmu direba ya ambata. Zan riƙa hawan keken kwana uku a mako, ranakun da nake kai yara makaranta kuma in hau adaidaita sahu, kamar yadda Malama ta nuna. Abokan aikina biyu da ke zaune a Hotoro sun ce za su gyara nasu mu riƙa tafiya tare, kuma mun rubuta wa shugaban ofishinmu takarda muna neman a kafa mana rumfa da ƙarfen ɗaure kekuna a kusa da ɗakin masu gadi.