“In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya”: ta dace da bitar waƙa a makaranta?

Malamar Aji Huɗu: Assalamu alaikum. Tun da aka dawo da taken Najeriya na 1960 a ranar 29 ga Mayu, 2024, aka ajiye wanda ake rerawa tun 1978, nake jin malamai suna jefa wa yara wannan karin magana a wajen taron safe. Ni a ganina saurare take koyarwa, domin mai rawa ba zai san kiɗa ya sauya ba sai in kunnensa yana wurin makaɗi, kuma babbar matsalar yara a lokacin bita ita ce kowa muryarsa kaɗai yake ji.

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya ƙara basira, amma kin ɗora wa maganar kayan da ba nata ba. Hausawa suna faɗin ta ne idan zamani ya juya, kamar a yi sabon shugaba ko kasuwa ta tashi, har ma akan yi habaici da ita ga wanda ya sauya sheƙa. Idan tarbiyyar yara ake nufi, “icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi” ta fi dacewa.

Malamar Aji Huɗu: Baba, ban musa ba, sai dai maganar icce tana nuna aikin malami ne a kan yaro ɗaya, alhali ni aji guda nake son ya fara tare, ya ja numfashi a wuri ɗaya, ya kuma tsaya tare.

Ɗan Damagaram: Mu ma a Nijar an sauya mana take a watan Yunin 2023, kuma abin da na lura da shi ya goyi bayan Baba ta wata fuska: ’yan aji ɗaya sun riga manya kamawa, saboda babu tsohuwar karin waƙa da ta zauna musu a baki.

Jikan Makaɗa: Ranku ya daɗe, duk kun bar makaɗi a baya. Mai kalangu na gaskiya idonsa yana kan ƙafar mai rawa, kuma ba ya sauya kiɗa sai ya ba da alama. Malamin da zai shiga sabon baiti ba tare da ya ɗaga hannu ba, sannan ya ɗora wa yara laifi, bai fahimci karin maganar ba. A gidanmu jagora yakan ja layi ɗaya, ’yan amshi su karɓa, a maimaita a hankali har ya zauna kafin a wuce. Haka ya kamata a yi a aji. A fara da tafi kawai, babu ganga, domin ganga tana rufe kuskure. A sa masu raunin murya a tsakiyar sahu, mai ƙarar murya kuwa a roƙe shi ya sassauta har ya riƙa jin na kusa da shi. Yara sukan yi gaggawa idan sun iso wurin da suka haddace sosai, to a nan ne malami zai riƙe tafinsa, kada ya bi su.

Tsohon Hedimasta: Wannan dabara ta sahu na yarda da ita, ɗana. Amma a kan ma’ana ina nan kan bakana, domin ban taɓa jin dattijo ya faɗe ta yana nufin makaɗi ya kula da mai rawa ba.