Tambaya a kan garin Simunul na ƙasar Filifins

Ɗan Argungu: Assalamu alaikum. Malamai, na ji ana cewa masallaci mafi daɗewa a Filifins yana Simunul, wani gari na bakin teku a lardin Tawi-Tawi. Shin tarihi ne ko kuwa tatsuniya ce?

Malamin Yauri: Wa alaikumus salam. Duka biyun sun haɗu, ɗan'uwa. Mutanen wurin sun riƙe cewa Shehu Karimul Makhdum, wani mai wa'azi da ya zo tare da fatake, shi ne ya gina masallacin a ƙauyen Tubig Indangan a shekarar 1380, wato shekara 141 kafin jiragen ruwan Magellan, Baturen da ya jagoranci ayarin ƙasar Sifaniya, su iso Filifins a 1521. An sake ginin, amma har yanzu ana nuna tsofaffin ginshiƙai huɗu na katako.

Hajiya daga Jega: Allah ya ƙara ilimi, Malam. Abin da ya fi burge ni shi ne ruwayar mutanen Sulu, lardin da ke maƙwabtaka da Tawi-Tawi, cewa Shehun ya ƙetaro teku a cikin tukunyar ƙarfe, wadda a ganina ba ta da nisa da irin karamomin da kakanninmu suke jingina wa waliyyai.

Ɗan Argungu: Na gode. Mu masunta, tukunyar nan ce za ta ba mu wahalar gaskatawa.