Wai makarantar coci ta fi tamu tarbiyya?

Baban Hafsa (Bur Sudan): Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Tunda yaƙi ya koro mu daga Khartum na sa 'yata a wata makarantar coci a nan, dangi suka tasa ni gaba, har da masu cewa na sayar da yarinya. To ku saurare ni. Mutanen nan ba don kuɗi suka kafa makarantunsu ba. A aƙidarsu koyar da yaro bautar Allah ce, kuma kowane yaro halittar Allah ne mai daraja, ɗan sarki ne ko ɗan lebura. Daniel Comboni, limamin cocin Katolika, ya baro Italiya ya zo ya rasu a Khartum a 1881 yana kan wannan aiki, burinsa 'yan Afirka su ceci Afirka da hannunsu. Kwalejin da ke ɗauke da sunansa a Khartum tun 1929 aka buɗe ta. Mu fa? Wanda ya tara jari sai ya kama hayar gida ya liƙa allo a ƙofa, kuɗin wata na jinkiri a koro yaro. Makarantar da aka gina a kan imani, ko ba namu ba ne, ta fi wadda aka gina a kan riba ba da tarbiyya.

Kawu (Gadarif): Tarbiyya? Kai yaro, iya bakinka. Ka ce horo, ka ce tsari, ka ce Turanci, duk na yarda. Amma tarbiyyar 'yar Musulmi a ɗakin uwarta take da gaban malamin halwa, wato makarantar allo.

Baban Hafsa: Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, ba raina halwa na yi ba. Maganata a kan masu kasuwanci da ilimi ce.

Kawu: Ai ka riga ka faɗa. Janye kalmar tukuna.

Malama (Kasala): Kawu, da girmanka, ni a makarantar sistoci na yi firamare. Yawancinmu a aji Musulmi ne. In lokacin darasin addini ya yi, mu malaminmu daban, 'yan'uwanmu Kirista nasu daban. Ba wanda ya taɓa ce min in bar sallah. Abin da suka dasa min shi ne zuwa kan lokaci, riƙon amana, da rashin taɓa abin wani. In wannan ba tarbiyya ba ce, mece ce?

Kawu: Wannan ladabi ne, 'yata. Ladabi daban, tarbiyya daban.

Malama: Ina bambancin yake, Kawu?

Ɗalibi (Madani): Bambancin a niyya yake. Shi kansa Yaya Baban Hafsa ya ce a kan imaninsu aka gina. To imanin nasu ai ya umarce su da yaɗa bishara. Lokacin Ingilishi gwamnati ce ta hana su wa'azi ga Musulmin arewacin Sudan, ta bar musu makaranta da asibiti. Ƙofar da aka bari a buɗe ita suka shiga. Ba zagi ba ne, mu ma in muka gina makaranta da'awa muke nufi.

Baban Hafsa: To ai ka goya min baya ke nan. Suna da manufa.

Ɗalibi: Ban goya maka ba, Yaya. Manufar ce nake ce maka ka ji tsoro.

Ɗan Maiwurno: Kakanninmu sun baro Sakkwato, an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka tako da ƙafa har bakin kogin Nilu, nan Maiwurno, don kada su zauna ƙarƙashin Nasara. Yau jikansu ne ke kai 'yarsa da hannunsa. Allah ya kyauta.

Malama: Malam, a raba soja da malamin aji. Kuma Sadiƙ al-Mahdi da kuke girmamawa, tsohon firayim ministan Sudan kuma Imamin Ansar mabiya Mahadi, ba a kwalejin Comboni ya yi karatu ba? Ya bar Musulunci ne?

Ɗan Maiwurno: Kada ki sa gidan Imam a wannan magana! Wanda ya tashi a gidan Mahadi, wace makaranta za ta canza shi? Kuma wa ya ce miki duk ɗan Maiwurno ɗan Ansar ne?

Abu Usama (Umdurman): To fa. Ashe ma ba ku yarda da junanku ba. Ni dama halwar da ake ta yabo ina da magana a kanta. Yaro ya shekara bakwai yana wanke allo, ya sauke, amma bai san ma'anar Fatiha ba.

Kawu: Na san za ka fito. Ku da kuka zo jiya da littattafan Saudiyya, ku ne za ku koya mana Alƙur'ani? A halwar nan ubanka ya yi sauka.

Abu Usama: Kawu, a bar mahaifina, Allah ya ji ƙansa.

Gwaggo (Damazin): Amin. Ni tambaya gare ni ga mai cewa kakanninmu. Attahiru Bafulatani ne. Da aka iso, su wa suka yi noma, su wa suka yi sarauta? Sai an zo neman goyon baya ake tuna mu ɗaya ne.

Ɗan Maiwurno: Gwaggo, Hausa muke ji gaba ɗaya, Balarabe kuma Fallata yake kiranmu gaba ɗaya.

Gwaggo: Shi ya kira. Ni ban amsa ba.

Baban Hafsa: Jama'a, don Allah, maganar makaranta fa?

Shugaban zaure (Gadarif): Dare ya yi, bari in tattara. An yi muhawara mai amfani. Mafi yawa sun tafi a kan cewa tarbiyya ba ta samuwa sai a gida da halwa, kamar yadda dattijonmu Kawu ya yi bayani da hujja. Ɗalibi ya tabbatar da cewa makarantun nan bishara ce manufarsu. Baban Hafsa ya amince ba raina halwa ya yi ba, muna fata zai sake tunani. Abu Usama kuma muna jiran ya ba Kawu haƙuri. An rufe.

Malama: Shugaba, wane mafi yawa? Mutum uku ne, kuma ɗayansu kai ne. Shaidata ni da na zauna a ajin ko ambatonta ba ka yi ba.

Abu Usama: Kuma ni aka taɓa wa uba, ni zan ba da haƙuri?