Rim ɗin da na saya yana gugar kalifar birki a tsohuwar Hilux

Mai Hilux:
Salamu alaikum jama'a. Ina da Hilux ƙirar 1994, mai jan ƙafa huɗu, da ita nake ɗebo buhunan albasa daga ƙauye. Ranar Asabar na sayo rim na alminiyam guda huɗu a Ƙofar Ruwa, inci 15, rami shida kamar nawa. Na baya sun zauna daram. Na gaba kuwa da aka ɗaure noti, taya ta ƙi juyawa da hannu, muka kwance muka ga rim ya kankare fentin kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki. Wani yaro a gareji ya ce a gurje kalifar kaɗan. In bari?

Usta Birki:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka bari, don Allah. Kalifar Hilux irin taka fistin huɗu gare ta, biyu ciki biyu waje, shi ya sa ta turo ƙirji waje, kuma man birki na bi ta cikin jikinta. Wa zai gaya wa mai gurza inda zai tsaya? Ga lodin albasa, ga gangara.

Rami shidan nan shi ke yaudarar mutane. Hilux irin taka da Nissan D21 da Mitsubishi L200 duk 6x139.7 ne, wato rami shida masu tazara iri ɗaya, amma zurfin rim daban. Juya bayan rim ɗin ka nemi lambar da ke biye da haruffan ET, ita ke nuna yadda rim ya shige ciki. In ta fi ta tsohon naka girma sosai, rim ya shige ciki ke nan. Birkin baya na ganga ne, ba kalifa, ba abin da zai taɓa, shi ya sa ba ka ga matsala a can ba.

Ɗan Tasha:
Ni sifesa na sa wa tawa, wato faifan ƙarfe da ake sawa a bayan rim ya turo shi waje, shekara biyu ke nan lafiya lau.

Usta Birki:
Sifesa na yi, amma yana cinye tsawon ƙusa. Noti ya shiga aƙalla zagaye 8, in ba haka ba a canza ƙusoshi. Kuma zaren ƙusar Toyota 1.5 ne, na Nissan 1.25, kada a cusa maka notin Nissan. Da ni ne, mayar da rim ɗin zan yi.

Mai Hilux:
Na gode Usta. Na duba, ET30 aka rubuta. Gobe zan koma da motar kanta, a gwada a ƙafar gaba kafin in karɓi canji.