PSP da ta shekara goma a ƙasan adaka: a gyara ko a haƙura?

Baban Khalifa, daga wani ƙauye kusa da Ringim:

Assalamu alaikum. A makon jiya, da muke fitar da kayan ɗakin mahaifiyata domin a yi yaɓe kafin damina, na ci karo da tsohuwar PSP ɗina, wato na'urar wasan bidiyo ta hannu, a ƙasan adaka, naɗe cikin zani tare da faya-fayan wasanninta da ake kira UMD guda huɗu. Na saye ta ta hannu a Kano a 2011, ina ɗalibi, kuma rabona da kunna ta ya haura shekara goma. A cikin gidan batirin an rubuta PSP-3004. Murfin ya ɗago har ya ƙi rufuwa, batirin kuwa ya kumbura kamar fanke. Gilashin bai fashe ba, amma caja ta ɓace. Ɗana mai shekara tara ya ƙwallafa rai a kanta tun da ya gan ta. Shin akwai amfanin kashe kuɗi a gyara ta, ko in nemi wata?

Mai gyaran waya, Wudil:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin maganar gyara, ka cire batirin nan yau, kuma kada ka yi gangancin sa masa caji, ko huda shi, ko matsa shi don ya koma daidai. Batirin litiyum ne, kuma shekarun da ya yi babu caji a ƙarƙashin rufin kwano, ga zafin Afrilu, su suka sa ya tara iska a ciki. Ka sa shi cikin tsohuwar tukunyar ƙasa, ka rufe da yashi, nesa da rumbu da tarin kara, kada kuma ya shiga bola, domin ranar da aka cinna mata wuta zai iya fashewa.

Bayan haka, kada ka sayi komai sai caja. Wannan na'ura tana tashi da caja kaɗai ko da babu batir a ciki, saboda haka da ɗan kuɗi kaɗan za ka san ko tana da rai. Cajarta mai bolt 5 ce, mai zagayen baki, kuma akwai waya mai irin wannan baki da ake jonawa a fawa bank, wadda na fi amincewa da ita a kan wutar ƙaramin janareto mai hawa da sauka. Kada ka dogara da ƙofar USB ta sama. Samfurin PSP-2000 da PSP-3000, wanda taka take cikinsa, suna caji ta nan, amma sai na'urar tana kunne. Idan koriyar fitila ta kama, hoto ya fito, to an wuce babbar matsala. Za ta nemi ka saita kwanan wata, wannan ba lalacewa ba ce.

Batirin asali na PSP-3000 mai ƙarfin ajiyar caji 1200 mAh ne. Idan ka ga wanda girmansa ɗaya amma an rubuta masa 3600, rubutu ne kawai, kuma ni dai ban taɓa ganin irinsa ya yi abin da ya yi alkawari ba. Na'urar karanta UMD ita ce ta fi saurin gajiya, musamman inda ƙurar hunturu ta shiga. Ka goge idonta a hankali da auduga busasshiya, ka saurara ko faifan yana juyawa.

Ɗan Haɗeja:

Yaya, da ni ne ba zan wahalar da kaina ba. Kamfanin Sony ya fito da PSP a Japan a ƙarshen 2004, samfurinka na 2008 ne, kuma tun 2014 aka daina fitar da ita, don haka duk kayan gyaran da za ka samu ko kwance ne ko kwaikwayo. Manhajar PPSSPP tana buɗe wasannin PSP a wayar Android, kuma ita ce matasa suke buga ƙwallo da ita a shagunan caji.

Malama Maman Ummi, Kazaure:

Ɗan'uwa na Haɗeja, maganarka gaskiya ce idan babba ne zai yi wasan, amma Malam yaro ɗan shekara tara ya ambata. A matsayina na mai koyarwa a firamare, na fi son a ba yaro abin da wasa kaɗai yake yi, wanda za a karɓe a ajiye idan lokacin Islamiyya ya yi, a kan waya mai data da ba a san inda za ta kai shi ba. Sayen wata PSP ɗin ma ba mafita ba ce, domin duk wadda za a samu sa'ar wannan ce, kuma ba ka san hannun da ta biyo ba. Mu Game Boy Advance, wata na'urar wasa ta hannu, muka samu a kayan ƙanena da batiran AA biyu, irin na rimot, a ciki, sun zubar da wani farin gari har ƙarafunan sun yi kore. Da ruwan lemon tsami kaɗan da tsinken auduga aka goge, aka bari ta bushe, ta tashi. Wannan dabara ta batirin AA ce kawai, kada Malam ya gwada ta a tasa.

Baban Khalifa:

Allah Ya saka muku da alheri. Na aika direban motar garinmu ya sayo mini wayar cajin, na jona a fawa bank babu batir, koriyar fitila ta kama, har tsohon hoton da na sa a fuskar ya fito. Faya-fayai biyu sun buɗe, ɗaya yana ƙara ba ya buɗewa, na huɗun kuma kwanson ya tsage. Matsalar da ta rage ita ce maɓallin tuƙi na hagu yana jan ɗan wasa gefe ko ba a taɓa shi ba. Ranar Asabar, in Allah Ya yarda, zan shiga Kano in duba batir a kasuwar waya ta Farm Centre. Malam na Wudil, shin wannan maɓallin wankewa ake yi, ko in nemo sabo tun da zan je?