Mi za mu ce ma BGP da Hausa? Darasi na ran Litinin

Abdu Rezo: Salamu alaikum ƴan uwa. Ran Litinin ina da formasiyo da samarin da ka kula da rezo (hanyar sadarwar kwamfutoci) na ma'aikatu nan Tawa, da yawansu faransancin takarda bai zauna musu ba shi ya sa nika rubuta darasin da Hausa. Abin da za ni koya musu: ma'aikata tana da babban siwic (na'urar da ka haɗa kwamfutoci) mai iya aikin ruter (na'urar da ka zaɓa ma bayanai hanya tsakanin rezo), an jawo mata layi daga kamfani biyu, in guda ya yanke gudan ya ɗauka ba sai an tada kowa da dare ba. Abin da ka yin wanga aiki shi ne BGP (Border Gateway Protocol), ƙa'idar da ruter ka bi su gaya ma juna hanyoyi, sunanshi na Hausa nika nema. Na gwada fassararshi kalma da kalma, "ƙa'idar ƙofar iyaka", ma biyu cikinsu, sun ɗauka zancen duwan na Konni nika yi.

Mariama Injiniya: Wa alaikumus salam Malam Abdu. Bar ƙofa da iyakar nan, ɗauki aikin da abin ke yi. BGP ba ya ɗaukar kayan kowa. Siwic ɗinka da ruter na kamfani su buɗe zance ta TCP (ƙa'idar haɗa na'urori biyu su yi musayar bayanai) a lamba 179, kowa ya faɗi lambar AS tashi (AS rezo ne mai hukuma guda), sannan kowa ya sanar da ɗan uwansa adireshin da yake iya kaiwa. Daga nan sai in wani abu ya canza ake magana, banda ƴar gaisuwar ina nan da rai, a na'urorin kamfanin Cisco duk sakan 60, in an yi 180 shiru a share hanyoyin maƙwabcin. Ni "ƙa'idar shelar hanyoyi" zan ce.

Baba Mushe: Ɗiyata kin yi ƙoƙari amma ya yi tsawo, yaro ba ya riƙe shi. Kalma guda muna da ita tun kakanni: MADUGU. Shi ya san hanya daga Agadas har Bilma, shi ka cewa ayari ya bi nan kada ya bi can. Madugun iyaka. Abdu rubuta hakanan ka huta.

Sani Wadata: madugu ya yi daɗin ji wallahi Baba

Mariama Injiniya: Baba Allah ya ja kwana, daɗi kam akwai, amma zai koya wa yaran abin da ba shi ne ba. Madugu ya taka hanyar da ƙafarsa. BGP bai taɓa ganin hanya ba, abin da maƙwabci ya gaya mishi shi yake yarda da shi ya kuma kai gaba, kowane AS ya liƙa lambarsa a jerin, in ka ga lambarka ciki ka ƙi karɓa don kada a yi ta zagaye. Dubi 2008, kamfanin sadarwar Pakistan ya yi shelar wani yanki na adireshin YouTube don a toshe shi a cikin gida, shelar ta fita waje duniya ta yarda, YouTube ya ɓace wajen awa biyu. 2018 ma wani kamfani na Legas ya saki hanyoyin Google bisa kuskure sama da awa guda. In yaro ya ji madugu zai saki jiki, in ya ji shela ya san ana iya shelar ƙarya, sai ya sa abin tacewa a kan abin da yake karɓa da abin da yake fitarwa. Wanda bai sa ba, yana iya sanar da hanyoyin kamfani na ɗaya ga na biyu, kayan mutane su nemi bi ta cikin ɗan siwic na ma'aikatarsa.

Baba Mushe: Madugu ma tambaya shika yi bakin rijiya ɗiyata. Kuma ni abin da ya hi damuna, kuna neman Hausa kuna ta rezo, siwic, ruter. Wanga Hausa ta? Tun 2025 kundin ƙasarmu Nijar ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, ku masu boko ku ka kashe ta.

Ɗan Kano a Yamai: Gaskiyar Baba. Mu can ba wanda zai gane rezo, a ce netwok ko hanyar sadarwa. In za a daidaita kalma a daidaita da Kano tunda can ake buga littattafai

Sani Wadata: To netwok Hausa ce? naku na ingilishi halal namu na faransanci haram kenan. Kakata bata taɓa shiga lakol ba amma in waya ta ƙi tace babu rezo, kalmar ta zama tamu. kuma kullum sai ace a tambayi Kano kamar mu aro muka yi

Ɗan Kano a Yamai: Ban ce aro kuka yi ba yallaɓai, yawa na ce

Baba Mushe: Ku bar Kano ku bar Yamai. Raga ita ce rezo, madugu shi ne BGP, zango shi ne AS. An gama.

Abdu Rezo: Jama'a don Allah, kwana ka tahiya. Baba zango bai yi ba, AS ba wurin yada kaya ba ne, rezo ne mai hukuma guda da lamba tashi, mu nan Afirka hukumar AFRINIC ka ba da ta, in na cikin gida ne ka ɗauka tsakanin 64512 da 65534. Na rubuta "yanki mai cin gashin kai". eBGP (tsakanin AS da wani AS) da iBGP (cikin AS guda) hwa?

Mariama Injiniya: Shelar waje da shelar gida. Ka ga amfanin shela, tana haihuwa. Ka ja kunnensu kan ta gida: abin da siwic ya ji daga ɗan gidansu ba ya sake faɗa wa wani ɗan gidan, don haka ko dai kowa ya haɗu da kowa ko a sa guda mai maimaitawa. Kuma kada su karɓi dukan hanyoyin intanet a siwic, sun haura dubu 900 a tsarin adireshi na IPv4, ƙwaƙwalwar yawancin siwic ba ta ɗauka, a watan Ogusta 2014 da suka wuce dubu 512 manyan ruter tsofaffi ma sun sha wuya. Su roƙi kamfani hanya guda ta gama-gari, su fifita layin da suke so da lokal firifarans, lamba mafi girma ita ke ci.

Sani Wadata: lokal firifarans = zaɓin gida. kyauta na baku

Abdu Rezo: Na ɗauka, na gode. To ga abin da za ni bugawa: BGP, ƙa'idar shelar hanyoyi tsakanin rezo. Haruhwan ukku suna nan tunda su za su buga cikin na'ura. Baba ka yi haƙuri.

Ɗan Kano a Yamai: shela ta yi. rezo dai ban sa hannu ba

Baba Mushe: Buga abinka. Amma shela aikin sanƙira ce, kuma sanƙira ba ya zaɓen hanya, naku kuwa kun ce shina zaɓe. Wanga ba ku amsa shi ba.

Mariama Injiniya: Nan kam kana da magana Baba, zaɓen bai fito a sunan ba. Malam Abdu sai ka ba shi babi nashi.